Zomon da ɗana ya bari

Na tashi a gidan kiwo, a wani ƙauye da ke kudancin Katsina. Muna da awaki da tumaki da kaji, ga kuma zomayen yayyena maza a bayan rumbu, inda suka gina musu ɗan ɗaki na ƙasa suka bar su suna haƙa ramukansu. A wurinmu zomo jarin yaro ne. Zomanya ta haihu, ka sayar da 'ya'yan, ka ɗinka kayan sallah. In ya kwanta ciwo kuwa maganinsa ɗaya, a sa masa wuƙa tun bai zama mushe ba. Malamin dabbobi yakan shigo garinmu lokacin rigakafin shanu, amma ban taɓa jin wanda ya saɓi zomo ya kai masa ba.

Aure ya kawo ni birni, na kama aikin koyarwa a firamare, Allah ya ba mu ɗa namiji. Bai cika shekara ba hannuwansa da ƙafafunsa suka fara kumbura, ya kwana yana tsala ihu. Da aka gwada jininsa aka ce sikila ce. Ni AS, maigidana AS. A lokacin aurenmu ba a damu da gwaji ba, iyaye sun daidaita, an shafa fatiha, shi ke nan. A asibiti aka fahimtar da mu cewa duk cikin da zan ɗauka, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon. Ƙannensa biyu Allah ya tsare su. Shi ne ya ɗauki nauyin.

Wanda ba Bahaushe ba zai yi wuya ya gane abin da zan faɗa yanzu. Yaron nan ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba. A gaban surukata ba na ɗaukarsa in yi masa wasa, ba na yabonsa, in ya faɗi ba ni ce mai rugawa ba. Haka na ga uwata ta yi da babban wanmu, haka na yi, kuma ban ɗauki alkunya a matsayin zalunci ba, har yau ina ganin kyanta. Sai dai ɗan farin nan nawa marar lafiya ne, kuma akwai daren da nake zaune gefen gadonsa a asibiti, ana ƙara masa jini, bakina cike da maganar da ban san ta inda zan fito da ita ba.

Ba ya buga ƙwallo, ba ya wasan ruwan sama, in sanyi ya shigo kuwa ko ƙofar gida ba ya leƙawa sai rana ta ɗaga. Ganin haka kawunsa ya sayo masa ɗan zomo. Ba irin manyan zomayen ƙauyenmu ba ne. Ƙarami ne, mai gajeriyar fuska da dunƙulallen kai, fari fat sai baƙin kunne ɗaya, irin waɗanda ake sayarwa don ado. Yaron ya ɗauki ransa kacokan ya ɗora a kan dabbar nan. Shi ke share masa keji, shi ke sauya masa ruwa. In ciwo ya tashi aka kwantar da mu, abin da yake fara tambaya in ya farfaɗo shi ne ko an ba wa zomonsa abinci.

Cikin hunturun 2021 ciwon ƙirji ya kama shi, kuma a wannan karon bai tashi ba. Shekararsa 11. Mutane suka cika gida, suka ce in yi haƙuri, na yi. Uwar ɗan fari ba ta kururuwa. Na karɓi gaisuwa, na amsa addu'a, na raba kayansa ga mabukata. Da aka zo kan zomon, maigidana ya ce a ba wa yaran maƙwabta don kada ya riƙa tayar mini da hankali. Na ce, "Malam, a bar shi." Bai sake magana ba.

Muka ci gaba da ba shi abin da kowa ke ba wa zomo a unguwarmu: dusa da aka ɗan jiƙa, tsaki, ragowar abincin kaji, ɓawon karas da kabeji in an yi girki. Kejinsa yana lungun baranda inda rana ba ta kaiwa, don gudun zafi. Ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi, kowa ya gan shi sai ya ce ana kula da shi.

Abin ya fara ne a hankali. Zan ajiye masa karas, ya rugo da murna, ya ɗauka, ya jujjuya a baki, ya yar. Ya sake ɗauka, ya sake yarwa. Yunwa yake ji, ci ne ya gagara. Sai na lura haɓarsa kullum a jiƙe take, gashin wurin ya dunƙule yana tsami, ƙafafunsa na gaba ma haka saboda yawan goge baki. Idonsa na hagu ya fara zubar da ruwa. Kashinsa da nake sharewa cike da abin kwasar shara ya koma 'yan ƙanana, busassu, kaɗan. Da dare in gida ya yi tsit sai in ji yana cizon haƙora da ƙarfi, ya takure a kusurwa, ido a lumshe. Bai yi kuka ba ko sau ɗaya. Daga baya aka gaya mini cewa halittarsa ce haka. Dabbar da ake farauta tana ɓoye ciwonta, domin a dawa wanda ya nuna rauni shi ake fara kamawa. Kafin mai zomo ya gane akwai matsala, yawanci ta riga ta yi nisa.

Ranar da na naɗe shi a zane na ɗaga leɓensa, sai da gabana ya faɗi. Haƙoran ƙasa biyu sun zarce sun fito waje suna neman hancinsa. Na sama kuwa sun lanƙwashe sun koma ciki suna sukar dasashi, gashi da dusa sun cushe a tsakaninsu.

Surukata tana gidan a lokacin. Ta duba, ta ce, "'Yar nan, ki sa a yanka shi tun yana da sauran nama. Halal ne, ba wanda zai ce kin yi laifi." Gaskiya ta faɗa, naman zomo halal ne, akwai hadisin Anas a kansa cikin Buhari. Kuma ba don rashin tausayi ta faɗa ba, ita ma jikanta ta rasa. Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, a ɗan ƙara mini lokaci." A zuciyata kuwa wani hadisin nake juyawa, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishi aka gafarta masa, ya kuma ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta.

Aka kira wani mai sayar da magungunan dabbobi. Da niyyar taimako ya zo. Ya sa aka riƙe zomon, ya ɗauko ƙaramar filaya ya datse haƙoran, ƙas, ƙas. A ranar na fara jin kukan zomo, kuma ba na fatan kowa ya ji shi. Jini ya fito. Mutumin ya bar mana kafso na amozisilin, ya ce a riƙa farkewa ana zuba masa a ruwan sha. Allah ya sa kafin a ba shi na kira ƙanwata da ta karanci lafiyar dabbobi a kwalejin noma. Ta ce, "Yaya, don Allah kada ki ba shi. Zubar da ruwan." Ta ce zomo da ƙananan halittun da ke cikin hanjinsa yake narkar da ciyawa, kuma dangin fenisilin irin su amozisilin da ampisilin, in aka ba shi ta baki, suna kashe masu amfanin su bar masu dafi su yi yawa, sai zawo ya kashe shi. Maganin da yake warkar da ɗan mutum ko akuya yana iya zama ajalin zomo.

Ya ɗan koma cin abinci, hankalina ya fara kwanciya. Ba a jima ba haƙoran suka sake tsirowa, a karkace fiye da da, ɗaya ya yi baƙi. Sai kuma wani kumburi mai tauri ya fito a ƙasan muƙamuƙinsa.

Na kai shi asibitin dabbobi na cikin gari, na zauna a benci tsakanin mai rago da mai kwandon kaji, da kwalina a cinya. Ana ta leƙa kwalin ana murmushi. Likitan da na samu mutumin kirki ne, kuma abin da ya yi mini ba zan manta ba, domin bai yi kamar ya iya abin da ba shi da kayan yinsa ba. Ya ce aikinsu na yau da kullum shanu ne da tumaki da kaji da karnuka, ba su da abin duba can cikin bakin zomo, ba su da injin goge haƙori. Ya yi masa allurar rage zafi, ya ce in nemi asibitin koyarwa, irin waɗanda ke jami'o'in da ake horar da likitocin dabbobi, kamar Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Ya kuma gargaɗe ni da babbar murya cewa zomon da ya yi awa 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba yana bakin mutuwa, domin hanjinsa tsayawa yake yi, ciki ya cika da iska, hanta ta lalace.

Da daddare na gaya wa maigidana zan ɗauki adashena in yi tafiyar. Ya daɗe bai ce komai ba. Na san abin da ke ransa, ga kuɗin makaranta, ga tsadar abinci, ga abin da mutane za su ce. Can ya ce, "Na san ba zomon kaɗai kike jinya ba." Tun rasuwar yaron ban yi kuka a gabansa ba sai daren nan. Na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, cewa shekara 11 ina kallon ciwon da ba ni da ikon cire shi, yanzu ga wanda aka ce ana iya cirewa, ba zan iya juya masa baya ba. Da asuba shi ya nemo aron mota. Muka fita tun da sanyin safiya da jiƙaƙƙen tawul a kan kwalin, domin zomo ba ya jure zafi, in ya kai digiri 30 ya fara shiga haɗari.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, tana da ɗalibai kewaye da ita. Ba ta yi dariya ba. Ta auna nauyinsa, ta shafa muƙamuƙinsa da yatsu, ta saurari cikinsa, ta zura wani ɗan abu mai fitila ta gefen bakinsa, sannan ta sa aka ɗauki hoton ƙashin kansa. Da hoton ya fito ta zaunar da mu ta yi mana bayani kamar yadda take yi wa ɗalibanta.

Ta ce zomo yana da haƙora 28. Shida ne a gaba: biyu a ƙasa, biyu manya a sama, da wasu 'yan ƙanana biyu da ke ɓoye a bayan na saman. Ba shi da fiƙa, sai giɓi mai faɗi, sannan turame 22 a can ciki inda ido ba ya kaiwa. Dukkansu ba sa daina tsiro har ya mutu. Na gaba suna ƙaruwa da wajen milimita 2 a mako, kusan santimita 10 ke nan a shekara. Abin da ke hana su zarcewa shi ne gogayya. Turamen nan kamar dutsen niƙa suke, na sama na cin na ƙasa, na ƙasa na cin na sama, muddin akwai ciyawa mai tauri a tsakaninsu da zai riƙa murzawa gefe da gefe na tsawon sa'o'i. Dusa da tsaki da abincin kaji ba sa bukatar wannan niƙan. Ya ɗan danna ya haɗiye, ciki ya cika, haƙora na ta tsawo. Daga nan sai gefen turamen ya yi tsini. Na ƙasa su soki harshe, na sama su yanki kumatu. Ta nuna mana harshensa bayan an sa shi barci, gefensa duk miki. Wannan ne dalilin dalalar miyau da yar da abinci. In haƙori ya rasa inda zai tsiro sama, sai saiwarsa ta koma tana tura ƙashi. Hanyar da hawaye ke bi daga ido zuwa hanci kuwa dab da saiwar haƙoran sama take wucewa, shi ya sa idonsa ke ruwa. Ta ƙara da cewa rashin hasken rana da ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci suna sa ƙashin da ke riƙe haƙoran ya yi laushi, su karkace.

Game da filayar, ta ce haƙorin zomo ba ya yankuwa da matsi, tsagewa yake yi a tsaye har cikin saiwa. Ta wannan tsagar ƙwayoyin cuta suka shiga suka tara mugunya a ƙashin muƙamuƙi. Mugunyar zomo kuma mai kauri ce, ba ta gudana, don haka huda ƙurjin a matse ba ya wadatarwa. Sai an buɗe, an kwashe har da jakar da ta kewaye ta, an cire haƙorin da ya jawo ta.

Sai ta faɗi abin da ya sa na riƙe gefen kujera. Ta ce nasa ba abinci kaɗai ba ne, akwai gado. Irin waɗannan ƙananan zomaye masu gajeriyar fuska sau da yawa ana haifarsu muƙamuƙin ƙasa ya ɗan fi na sama tsawo, haƙoran gaba ba sa haɗuwa, don haka ko me ya ci ba za su goge juna ba. Ta ce kada a bar shi ya yi barbara, don kada ya bar wa 'ya'yansa. Na dubi maigidana, shi ma ni yake kallo. Mun taɓa zama haka a gaban wani likitan, a wani asibitin, aka yi mana bayanin abin da iyaye ke ba wa ɗa ba da saninsu ba.

Zaɓi biyu ta ba mu a kan haƙoran gaban. Ko a riƙa kawo shi kusan duk wata ana rage su da ɗan injin gogewa irin na likitan haƙori, ko a cire duka shidan a huta. Na tambaye ta yadda zai ci abinci ba haƙoran gaba. Ta ce da leɓe da harshe zai riƙa jan abinci, turame ne masu aikin, in dai an yayyanka masa. Ba ta ɓoye mana ba cewa maganin barci yana da haɗari ga zomo fiye da kare ko kyanwa, balle wanda ya rame. Abin da ya ba ni mamaki, ta ce kada a hana shi ci kafin aikin kamar yadda ake yi wa mutum, domin zomo ba ya amai, kuma barin cikinsa wayam shi ne haɗarin. Na sa hannu a takarda. Na san zaman jira a ƙofar ɗakin tiyata, na yi shi sau da yawa a rayuwata, kuma wannan ma bai zo mini da sauƙi ba.

Ya farka. An cire na gaba, an cire turmi ɗaya da ya ruɓe, an goge tsinin sauran, an bar ramin ƙurjin a buɗe don ya warke daga ciki.

Jinyar gida ita ce aikin. Na riƙa jiƙa abincin zomo na kanti da dakakkiyar busasshiyar ciyawa har su yi ruwa-ruwa, in zuƙa a sirinji marar allura, in naɗe shi a zane, in zura ta giɓin gefen bakinsa in ɗiga kaɗan-kaɗan, ina jira ya haɗiye don kada ya shaƙe. Dare da rana haka. Ga maganin zafi mai suna melosikam da nake ba shi daidai awon da aka rubuta, domin zomon da ke jin zafi ba ya ci. Ga wankin ramin da ruwan gishirin asibiti. Fenisilin ɗin da aka hana ta baki, shi aka riƙa yi masa ta allura ƙarƙashin fata, likitan garinmu ne ke yi bisa rubutun likitar. Ina ɗura masa abinci ina yi masa magana, kuma a cikin maganganun nan akwai waɗanda ba nasa ba ne. Duk abin da alkunya ta hana ni faɗa a gefen gadon asibiti, a barandar nan na faɗe shi, cikin dare, ba mai ji sai Allah. Safiyar da na tarar da kashi manya-manya zagaye da shi a keji, na yi hamdala da ƙarfi har yara suka fito.

Surukata da ta dawo ta tarar da shi yana jan ganye da leɓe, ta tsaya tana kallo. Ba ta ce komai a kan maganarta ta farko ba, ni ma ban tayar ba. Da za ta koma ƙauye sai ga saƙon buhun ingirici da damin harawa ta aiko, wai na zomon jikanta.

Yanzu abincinsa ya sauya gaba ɗaya. Likitar ta ce wajen kashi 80 cikin 100 na abin da zomo zai ci ya zama ciyawa, ɗanya ko busasshiya, kuma kada ta yanke masa ko da dare. Da damina nakan sa a yanko mini kyasuwa da harkiya daga inda na tabbata ba a yi feshi ba, in shanya a inuwa, in adana inda ba laima, domin ciyawar da ta yi fumfuna guba ce. Harawar gyada da ta wake yana son su ƙwarai, amma haɗawa nake yi da ingirici, don an ce yawansu na sa fitsari ya yi kauri da alli. Ganyen dankalin Hausa da ɗan zogale suna biyo baya, karas ya zama abin marmari. Abincin kaji na daina sam, an gaya mini wasunsu ma akwai magungunan da ke cutar da zomo a ciki. Komai sai na yayyanka masa da almakashi. Da hantsi nakan fito da shi tsakar gida ya sha rana kaɗan kafin ta yi zafi. Tunda ba shi da haƙoran tsefe gashinsa, ni ke taje shi, in duba ƙarƙashin wutsiyarsa kada kashi ya manne ƙudaje su yi masa tsutsa.

Yaran unguwa masu kiwon zomo sun ji labari, sukan zo da nasu. Ba na ba da magani, ba na taɓa haƙori. Ina nuna musu yadda za su ɗaga leɓe su duba, su shafa muƙamuƙi ko akwai ƙullutu, su taɓa haɓa ko a jiƙe take, su san yawan kashin da zomonsu ke yi kullum. Ina hana su filaya da abin yanke farce da kafson mutane. Wanda na ga nasa ya daina ci, nakan ce ya tafi asibitin dabbobi a ranar, kada ya bari sai gobe. In babu halin jinya, ban ga laifin wanda ya yanka nasa da wuri ba, ya fi a bar shi a lungu yunwa na cinsa a gaban abinci. In kuwa iyayensu mata ne suka rako su, hira takan kai mu ga gwajin jini kafin aure, kuma ba na jin nauyin faɗa musu abin da ya same ni.

Ba a ce ya warke ba. Turamensa sun riga sun karkace, lokaci-lokaci sai mun koma an sa shi barci an goge su, kuma likitar ta ce ƙurjin muƙamuƙi yana iya dawowa ko bayan shekaru. Zomon gida yakan kai shekara 8 zuwa 12 in ya samu kulawa, nawa ya fara manyanta, kowane maganin barci yana fi na baya nauyi a jikinsa. Mun zauna ni da maigidana da likitar mun yi magana a kan ranar da gogewa za ta daina amfani, ya kasa ci ko da sirinji. Na ce musu in ranar ta zo ba zan riƙe shi yana wahala don kaina ba, zan bar likita ta sauƙaƙa masa, kuma ina so in kasance a wurin.